Auna dansitin silin auduga da aka sarrafa da sinadarai

Auna dansitin silin auduga da aka sarrafa da sinadarai gwaji ne da ake yi a ɗakunan binciken masaƙu domin a gano abin da wani sinadari ya yi wa cikin silin auduga. Dansiti shi ne nauyin abu idan aka raba shi da girman wurin da ya tare, kuma ana rubuta shi da giram a kowace santimita kubik (g/cm³). Na ruwa 1.00 ne. Na busasshiyar auduga yana wajen 1.55, wato ta fi ruwa nauyi da kimanin rabi, duk da cewa curin auduga kan daɗe yana yawo a saman ruwa saboda iskar da ke maƙale a cikinsa da kuma kakin da ke jikin silin.

Idan an jiƙa auduga a soda, ko an haɗa ta da wani sinadari don kada ta yamutse ko ta ruɓe, wannan adadi yakan motsa. Sau da yawa motsin ƙanƙane ne, bai wuce 0.01 zuwa 0.02 ba. Saboda haka wahalar gwajin tana wajen shirya samfur: fitar da danshi, fitar da iska, da zaɓen ruwan da za a nutsar da audugar a ciki. Adadin da ba a faɗi yadda aka samo shi ba, ba a iya kwatanta shi da na wani ɗakin gwaji.

Ginin silin auduga

Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya da ta tsiro a jikin angurya. Yayin da take girma, tana jera selulos a bangonta hawa-hawa, tana barin kogo a tsakiya. Idan kwanson ya fashe silin ya bushe, sai kogon ya lotse, silin ya baje ya murɗe. In aka yanka shi aka duba da madubin ƙara girma, bakin yankan kan yi kama da ƙwayar wake.

Selulos shi ne kashi 88 zuwa 96 cikin ɗari na ɗanyar auduga. Ragowar kaki ne da furotin da pektin da ɗan gishirin ma'adinai. Bayan an dafa ta da sinadarin wanki an kuma faranta ta, selulos kan kai kusan kashi 99.

Selulos dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin gulukos. A wasu wurare sarƙoƙin sun jeru daidai, sun matsu da juna kamar kara a dami. Wannan shi ne shiryayyen ɓangare, wanda masana ke kira kiristal. A wasu wuraren kuma sun hargitse, akwai sarari a tsakaninsu. Shiryayyen ɓangaren ya fi nauyi: tsofaffin ƙididdiga sun ba shi wajen 1.59, hargitsattsen kuma wajen 1.49. Dansitin silin gaba ɗaya yana faɗowa ne a tsakanin waɗannan biyun, gwargwadon yawan kowanne. Ruwa da rini hargitsattsen ɓangaren suke shiga, shi ya sa masu rini da masu masaƙa suka damu da sanin yawansa.

Ga dansitin wasu zaruruwa a bushe, domin kwatance: ulu 1.30, siliki 1.34, nailan 1.14, poliyesta wajen 1.38, reyon 1.52. Reyon selulos ne kamar auduga, bambancinsa shi ne shiryayyen ɓangarensa bai kai nata yawa ba.

Sarrafawar da ke canza dansiti

Za a iya kasa sarrafawar kashi biyu, kuma rabon yana da muhimmanci wajen fassara sakamako. Akwai wadda ke sake jera sarƙoƙin selulos ba tare da ta bar wani abu a cikin silin ba. Akwai kuma wadda ke ɗaura wani sabon sinadari a jikin sarƙoƙin.

Mafi shahara a kashi na farko ita ce hanyar Mercer. A shekarar 1844 wani mai buga zane a atamfa daga yankin Lancashire na Ingila, John Mercer, ya lura cewa idan aka jiƙa yadin auduga a ruwan soda mai ƙarfi, irin sodar da ake yin sabulu da ita, yadin kan tsuke, ya ƙara ƙarfi, ya kuma fi shan rini. Ya yi rajistar wannan hanya a 1850. Tsukewar ta hana masana'antu karɓarta da wuri, domin yadi da tsawonsa ake sayar da shi. Sai wajen 1890 Horace Lowe ya nuna cewa idan aka ɗaure yadin a miƙe yayin jiƙon da wankewar, ba ya tsukewa, kuma yana fitowa da sheƙi kamar na siliki. A yau ana amfani da ruwan soda mai ƙarfin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Sodar tana kumbura silin har ya koma zagayayye, murɗewarsa ta warware, kogon tsakiya ya kusa rufewa. Bayan an wanke sodar, sarƙoƙin ba sa komawa jerinsu na asali, wanda ake kira selulos I. Sukan ɗauki wani sabon jeri, selulos II, kuma hargitsattsen ɓangaren yakan ƙaru. Masanin sinadarai ɗan ƙasar Holan, P. H. Hermans, ya yi awo da hasken eksire a shekarun 1940, ya ƙiyasta shiryayyen ɓangaren audugar asali a wajen kashi 70 cikin ɗari, na wadda aka jiƙa a soda wajen kashi 50, na reyon kuma wajen kashi 40. Dansiti yana bin wannan sawu: yana sauka kaɗan bayan jiƙon.

Zaren ɗinki na auduga mai sheƙi da yadudduka masu tsada da yawa sun bi ta wannan hanya. Bai kamata a rikita ta da ruwan toka na karofi ba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Ruwan toka bai kai ƙarfin da zai sauya jerin selulos ba, domin sauyin sai ƙarfin sodar ya haura kimanin kashi 10 cikin ɗari yake farawa. Haka kuma sheƙin da masu bugu ke fitarwa a jikin shuɗi ko shadda aikin daddaɓe fuskar yadi ne, bai shafi jerin sarƙoƙin da ke cikin silin ba.

Ruwan amoniya zalla, wanda ke tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili, shi ma yana kumbura auduga, kuma idan aka bar shi ya ƙafe yakan bar wani jeri na uku, selulos III. Sinadarin etilamin yana rage shiryayyen ɓangare ƙwarai. Ruwan asid mai sauƙi kuwa akasin haka yake yi: hargitsattsen ɓangaren yake fara ci, don haka abin da ya rage yakan fi audugar asali nauyi.

A kashi na biyu akwai asetileshan, inda ake ɗaura ƙwayoyin asetil a jikin selulos don audugar ta jure zafi da ruɓewa. Akwai sayanoetileshan, da ake yi da sinadarin akrilonaitiril. Akwai kuma magungunan hana yamutsewa, waɗanda ke ƙulla sarƙa da sarƙa, da na hana kama wuta. An yi babban kaso na wannan bincike a ɗakin gwaje-gwajen Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke New Orleans tsakanin shekarun 1940 da 1960, lokacin da nailan da poliyesta suka fara ƙwace wa auduga kasuwa. A nan canjin dansiti yana da girma. Selulos da asetil ya cika shi, wato tirayasetet, yana wajen 1.3, don haka audugar da aka yi wa rabin aikin takan faɗo a tsakanin 1.55 da 1.3, tana sauka yayin da asetil ke ƙaruwa.

Hanyar kwalbar awo

Auna nauyin auduga abu ne mai sauƙi. Girman wurin da ta tare ne ke da wuya, domin silin bai fi kimanin maikuromita 20 a faɗi ba, kuma ba shi da siffa ɗaya. Dabarar da ake bi tsohuwa ce, tun ta zamanin Akimidis: a nutsar da abu a ruwa, a auna ruwan da ya ture.

Ana amfani da wata ƙaramar kwalbar gilashi mai suna piknomita, wadda murfinta ke da siririn rami don kullum ta cika daidai wuri ɗaya. Akan auna ta cike da ruwan gwaji, sannan a zuba audugar da aka san nauyinta, a sake cikawa, a sake aunawa. Misali, idan busasshiyar auduga giram 1.000 ta ture toluwin giram 0.559, kuma dansitin toluwin 0.867 ne, to wurin da ta tare 0.645 ne, dansitinta kuma 1.55. Kuskuren giram 0.002 kacal a nauyin toluwin, wanda 'yan kumfan iska za su iya jawowa, zai kautar da amsar da kusan 0.005. Wannan ya kai rabi ko kwata na duk bambancin da ake nema a tsakanin audugar asali da wadda aka jiƙa a soda.

Sai kuma tambayar wane ruwa za a zuba. A shekarar 1927 G. F. Davidson na Cibiyar Shirley da ke Manchesta ya auna auduga a cikin ruwa, da toluwin, da iskar hiliyam, ya sami amsa uku daban-daban. A toluwin ta ba da wajen 1.55, a ruwa ta kai wajen 1.6, hiliyam kuma ya faɗo a tsakani. Dalili shi ne ƙwayoyin toluwin manya ne, kuma ba sa jituwa da selulos, sai su tsaya a wajen bangon silin, duk ƙananan ramukan ciki a lissafa su cikin girmansa. Ruwa kuwa yana kutsawa cikin hargitsattsen ɓangaren, ya cike gurabun da ke tsakanin sarƙoƙi, sai silin ya zama kamar bai tare wuri sosai ba. Wannan matsala ta fi tsanani ga audugar da aka sarrafa. Wadda aka jiƙa a soda ta fi ta asali shan ruwa, saboda haka awo a cikin ruwa kan ɓoye saukar dansitinta. Shi ya sa aka fi zaɓen ruwayen da ba sa kumbura selulos, kamar toluwin da zailin.

Na'urar hiliyam ta zamani tana aiki da dokar Boyle. Ana sa samfur a wani ɗan ɗaki da aka san girmansa, a tura iskar, a buɗe mata hanya zuwa ɗaki na biyu, sannan a lissafa girman samfurin daga yadda matsin iskar ya sauka. Tana da sauri, ba ta kuma buƙatar ruwaye masu guba. Sai dai idan samfurin bai bushe sarai ba, tururin da ke fita daga jikinsa yakan ɓata awon matsin.

Bututun matakan dansiti

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da ƙananan bambance-bambance. Kaj Linderstrøm-Lang na ɗakin binciken Carlsberg a Kopenhagen ne ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1930 don auna ɗigon ruwaye a binciken halittu. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara amfani da ita ga robobi, daga nan ta shiga binciken zaruruwa, kuma a shekarun 1950 masu binciken New Orleans suka auna audugogin da suka sarrafa da ita. Ƙa'idojin ASTM D1505 da ISO 1183-2 sun bayyana yadda ake yin ta ga robobi.

Ana samun dogon bututun gilashi mai tsawon kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, a tsayar da shi a cikin bahon ruwa mai daidaitaccen zafi. Sai a cika shi a hankali da ruwaye biyu masu cakuɗuwa da juna, ɗaya marar nauyi, ɗaya mai nauyi, ta yadda kason mai nauyin zai riƙa ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa. Ga auduga an daɗe ana haɗa zailin, mai dansiti wajen 0.87, da kabon tetrakulorayid, mai 1.59. Idan ba a girgiza bututun ba, wannan jeri kan yi makonni bai lalace ba. Ana jefa 'yan duwatsun gilashi masu kogo waɗanda aka san dansitin kowannensu, kowanne ya nutse ya tsaya a inda nauyin ruwan ya yi daidai da nasa. Su ne ma'auni. Daga nan sai a jefa ɗan ƙullin auduga, a jira ya daina motsi, a karanta inda ya tsaya.

Misali, a ce dutsen 1.530 ya tsaya a zurfin santimita 20, na 1.550 kuma a santimita 40. Audugar da ta tsaya a santimita 33 dansitinta 1.543 ne. Bututun da aka shimfiɗa tazarar 0.1 a tsawon santimita 50, kowace milimita ɗaya a jikinsa tana nufin 0.0002, abin da kwalbar awo ba ta iya rarrabewa cikin sauƙi. Ba a kuma buƙatar auna nauyin samfurin ko kaɗan, kuma ana iya jefa samfura da yawa su tsaya gefe da gefe a cikin ruwa ɗaya.

Akwai wani amfani da sauran hanyoyin ba su da shi. Idan aka yayyanka audugar ƙanana aka watsa a bututun, wadda sinadari ya ratsa ta bai ɗaya takan taru a siririn layi guda. Wadda kuwa sinadarin ya kama wani silin ya bar wani, sai ta bazu a tsawon bututun. Kwalbar awo matsakaici kawai take bayarwa, ba za ta nuna wannan rashin daidaito ba, alhali shi ne ke jawo rini ya fito dabbare-dabbare.

Zafi yana da tasiri ƙwarai. Ƙarin digiri ɗaya yana rage dansitin kabon tetrakulorayid da kusan 0.002, don haka ake riƙe bahon kada ya kauce fiye da 0.1 na digiri, galibi a digiri 23. Wannan sinadari yana lalata hanta, kuma an sa shi cikin waɗanda Yarjejeniyar Montreal ta taƙaita a gyaran da aka yi mata a Landan a 1990, saboda illarsa ga rufin ozon. Dakunan gwaji da yawa sun koma amfani da tetrakuloroetilin, mai dansiti 1.62.

Danshi da iska

A ɗakin da laimar iskarsa ta kai kashi 65 cikin ɗari, wanda shi ne ma'aunin gwajin yadi, audugar asali kan riƙe ruwa kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, wadda aka jiƙa a soda kuma ta fi haka. Tasirin ruwan a kan dansiti ba miƙaƙƙe ba ne. Kason farko na ruwan yana shiga gurabun da babu komai a cikinsu, sai nauyi ya ƙaru ba tare da silin ya kumbura sosai ba, dansiti ya ɗan hau. Bayan gurabun sun cika, duk ruwan da ya ƙaru kumbura silin yake yi, dansiti ya fara sauka, har ya kai wajen 1.52 a wannan laima. Tunda kowace sarrafawa tana canza yawan ruwan da auduga ke sha, kwatanta samfura biyu masu danshi kwatanta ruwansu ne fiye da kwatanta selulos ɗinsu.

Don haka ake busar da samfur a tanda da zafin digiri 105, ko a rufe shi tare da sinadarin da ke tsotse danshi, a kuma mayar da shi cikin ruwan gwaji kafin ya sake shan laimar ɗaki. Busasshiyar auduga cikin 'yan mintoci take fara jan ruwa daga iska. Iskar da ke maƙale a kogon silin kuma ana fitar da ita ta hanyar tafasa samfurin a zailin, ko a zuƙe iskar kwalbar da famfo alhali audugar tana nutse. Samfurin da ya ci gaba da nutsewa a hankali kwana da kwanaki, alama ce ta ruwan gwajin yana ratsa ramukansa, sai a ƙayyade lokacin karatu ɗaya ga dukkan samfura.

Yadda aka busar da auduga bayan kumburi shi ma yana barin tabo. Idan ta bushe kai tsaye daga ruwa, ramukan bangonta sukan rufe. Idan aka maye ruwan da barasar gwaji, sannan aka maye ta da wani sinadari marar jituwa da ruwa, ramukan kan zauna a buɗe, wani lokaci ma sinadarin ya maƙale a ciki ya ƙi fita ko da an gasa.

Fassara sakamako

Ga audugar da aka sake wa jeri kawai, ana lissafa kason shiryayyen ɓangare kamar haka: x = ρc(ρ − ρa) ÷ ρ(ρc − ρa), inda ρ ke nufin dansitin samfur, ρc na shiryayyen ɓangare, ρa na hargitsattse. Idan aka ɗauki 1.59 da 1.49, samfur mai 1.55 zai ba da kimanin kashi 62 cikin ɗari, mai 1.54 kuma kashi 52. Saukar 0.01 ta zama kashi 10 ke nan. Amsar tana rataye ne a kan adadin da aka zaɓa wa ρc da ρa, kuma masana ba su tsaya a kan adadi ɗaya ba. Sabbin awon eksire sun ɗaga na shiryayyen ɓangaren sama da 1.6. Hanyar ta fi amfani wajen jera samfura daga mai yawa zuwa mai kaɗan, fiye da fitar da tsayayyen kaso. Akan haɗa ta da ma'aunin eksire na Segal, na shekarar 1959, ko da gwajin shan bariyam, wanda ke ba audugar asali maki 100, wadda jiƙon soda ya ratsa ta sosai kuma wajen 150.

Wannan lissafi ba ya aiki ga audugar da aka ɗaura wa sabon sinadari. Saukar dansiti bayan asetileshan ta fito ne galibi daga asetil ɗin kansa, wanda ke buɗa tsakanin sarƙoƙi. Mai binciken da ya sa wannan adadi a lissafin sama zai iya samun amsa ƙasa da sifili. Abin da ake yi a nan shi ne a auna jerin samfuran da aka san yawan sinadarin da ke cikinsu ta wata hanya dabam, a zana layin dangantaka, sannan a riƙa karanta sabbin samfura a kansa.

Masu masaƙa suna buƙatar dansiti a wasu lissafe-lissafe na yau da kullum. Silin da mita 10,000 nasa ke da nauyin giram 1.7, in dansitinsa 1.54 ne, faɗin bakin yankansa kimanin maikuromita sukwaya 110 ne. Na'urar maikuroneya, wadda ke tura iska ta cikin curin auduga don ƙiyasta laushi da nunar silin, an daidaita ta ne a kan dansitin ɗanyar auduga, saboda haka karatunta ba abin dogaro ba ne ga wadda sinadari ya sauya. Ana kuma ƙiyasta gaurayen yadi da shi: rabi auduga rabi poliyesta, bisa nauyi, yana ba da wajen 1.46.